Sifanar da ke cin kan noti: zaɓen kayan aikin gyaran babur da ƙananan injuna

Da yawa daga cikin notunan da kansu ya lashe ya koma mulmulalle, ba tsatsa ce ta ci su ba, sifana ce. Kan noti kusurwa shida gare shi. In bakin sifana ya zauna daram, ƙarfin hannunka a kan faffaɗan gefen notin yake sauka. In kuwa bakin ya yi masa yawa, ko da rabin milimita ne, sai sifanar ta ɗan juya kafin ta kama, ƙarfin duka ya taru a tsinin kusurwa. Ja na farko kusurwar ta dakushe, na biyu ta kwanta, na uku sifana ta zame yatsa ya daki haƙarƙarin silinda. Aikin minti biyu ya koma na cizal da guduma, wani lokacin har sai an nemo mai walda.

Saboda haka abin dubawa a kayan aiki shi ne yadda suke zama a kan abin da za su kwance. Ƙyalli da yawan kaya a cikin akwati ba su ne aikin ba. Injin babur, da na janareto, da na ban ruwa, jikinsu alminiyam ne, notunansu ƙanana ne, ba sa yafe kuskure yadda injin babbar mota yake yafewa.

Fara da lambobi, wato faɗin bakin sifana da milimita. Yawancin baburan da ke kan titunanmu, Honda ne, Jincheng ne, Haojue ne ko Lifan, a kan tsarin Japan aka gina su, kuma Japanawa suna da lambobin da suka saba da su: 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Bol mai kaurin milimita 6 kansa 10 ne, ko 8 in na murfin inji ne. Mai kaurin 8 kansa 12, mai 10 kansa 14, mai 12 kansa 17. Baburan Indiya irin su Bajaj da TVS su ma da milimita suke aiki. Amma bol mai kaurin 8 da za ka saya a shagon noti sau da yawa kansa 13 ne, don a kan tsarin Turai aka yi shi, kuma duk babur ɗin da ya yi shekara biyu yana kabu-kabu ba ya rasa irinsa a jiki. Don haka 13 ta shiga lissafi. Ka ƙara 9 saboda notin tafet (na saitin bawul) na injin kwance, mai silinda a kwance, da 22 da 24 saboda manyan notuna. Shi ke nan. Akwatin nan mai sifana ashirin da wani abu, daga 6 har 32, rabinsa zai tsufa bai taɓa ganin noti ba. Kuɗin ya fi amfani a sayi ƴan ƙalilan na ƙwarai, a kuma sayi 10 da 12 da 14 bibbiyu, domin akwai wuraren da sai ka riƙe bol da ɗaya ka juya noti da ɗaya. Ita 10 kuwa ko uku ka saya ba ka yi asara ba, duk gareji an san ƙafa gare ta.

A cikin kayan hannu da ake zubewa a kasuwa akwai sifanonin inci, na Amurka da Ingila, kuma suna ruɗin mutane. Mai 9/16 milimita 14.3 ce: za ta shiga noti 14 da sauƙi, ta cinye shi. Mai 1/2 kuwa 12.7 ce, ta yi wa 12 yawa, ta yi wa 13 kaɗan. Kaɗan ne suka kusa dacewa har a yi aiki da su, kamar 3/4 a madadin 19, da 5/8 a madadin 16. In ka ga lamba mai layi a tsakiya a jikin sifana, ajiye ta.

Wace sifana, a wane wuri

Fulat, mai buɗaɗɗen baki, gefe biyu kawai take kamawa cikin shida, kuma in aka matsa mata bakin buɗewa yake yi. Ba da ita ake karya taurin noti ba. Amfaninta shi ne inda ringi ba zai shiga ba, kamar notin wayar kuloci da na saitin sarƙa, ko juya notin da ya riga ya saki. Karkatar da ke wuyanta, digiri 15, da gangan aka yi ta: a matsattsen wuri kana juya sifanar ciki da bai tana sake samun kamu.

Ringi ya kewaye notin duka, shi ne na karyawa da na ɗaurin ƙarshe. Mai kusurwa 12 ya fi saurin shiga a lungu, mai kusurwa 6 ya fi riƙo. A soket dai, wato ɗan kofin da ake kifa wa kan noti, shida za ka nema, musamman a 8 da 10 da 12 inda kusurwar ƴar mitsitsiya ce, da kuma notunan salansa da wuta ta gasa. Mai ringi a gefe ɗaya fulat a ɗaya, lamba guda, ita ce ta fi dacewa da wanda yake fara tara kaya.

Ga bakaniken babur, sifanar T mai lamba 8 da 10 da 12 ta fi racet, sandar soket mai haƙora a ciki, yawan aiki. Murfin kuloci kaɗai bol takwas ko goma ne, da T kana murza sandar a tafin hannu suna fita. Tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: hannunta gajere ne, ba ta ba ka damar ɗaure ƙaramin bol fiye da kima. Racet kuma mai bakin inci 3/8, wato kaurin inda ake ɗora soket, shi ne daidai babur. Mai 1/2 na notin ƙafa ne da makamantansa, in ka ɗora shi a kan bol mai kai 8 za ka tsinke shi ba ka ji komai a hannunka ba. Mai haƙori 72 digiri 5 kawai yake bukata ya sake kamu, mai 36 sai ya samu 10. Kada a karya noti mai tauri da racet, balle a zura masa bututu, haƙoran ciki ne za su zube. Sandar soket marar haƙori ita ce ta wannan aikin. Soket mai ƙyalli kuma ba ya hawa bindigar iska, fashewa yake yi. Na bindiga baƙaƙe ne masu kauri, an rubuta Cr-Mo a jikinsu.

Gwaji a gaban mai kaya

Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Sabon Gari, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ka sa sababbin bol uku a aljihu: mai kai 10, mai 12, mai 14. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Zura kan bol a bakin fulat ka girgiza. Motsi kaɗan dole ne, amma in yana ƙwas-ƙwas, bar ta. In kana da kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu, bakin sifana 10 bai kamata ya wuce 10.2 ba, na 17 kada ya wuce 17.3. Ɗaga ta sama ka dubi laɓɓan biyu: su tafi a miƙe tare, kada bakin ya fi gindin faɗi kamar harafin V. Leƙa cikin ringi, ramin ya zauna a tsakiya, kaurin bango ɗaya ta kowane gefe, haƙoran a fidde tsaf. Shafa yatsa a gefenta, in fentin azurfar yana ɓarewa tun a shago, to gobe zai yanke ka, jibi ɓarɓashinsa ya faɗa cikin inji.

Mutane suna auna sifana da nauyi, wasu su jefa ta ƙasa su saurari ƙara. Duka biyun ba hujja ba ne. Sau da yawa ma sifanar banza ce mai kauri, don an rufe raunin ƙarfen da yawansa, sai ka ga ringinta ya ƙi shiga lungun da noti yake. Ta ƙwarai siririya ce, ga ta da ƙarfi. Ƙarfen da ba a gasa shi sosai ba buɗewa yake yi, wanda aka gasa ya wuce kima kuma karyewa yake yi farat ɗaya, kuma na biyun ya fi haɗari ga hannu.

Rubutun Chrome Vanadium ko Cr-V sunan irin ƙarfen ne, haka Drop Forged yana nufin da bugu aka ƙera ta ba zubi ba. Lamba kamar DIN 3113 tana nuna ma'aunin Jamus da aka ce an bi. Matsalar ita ce rubutu ba ya da tsada, duk mai yin jabu ya iya shi. Kalmar Germany ita kaɗai, babu sunan kamfani, babu lambar kaya, ba ta nufin komai. Sunayen da suka yi fice su ne Gedore, Stahlwille, Hazet da Elora na Jamus, Facom na Faransa, KTC da Koken na Japan. A tsakiya akwai na Taiwan irin King Tony da Toptul, da Taparia na Indiya, kuma sun ishi bakaniken babur aiki har ya tsufa. Sunan da ya fi tsada shi aka fi kwaikwaya, don haka in an yi maka tayin babban suna a farashin gwanjo, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar sifana ta hannu mai tambarin W. Germany tun kafin haɗewar Jamus a 1990 take, kuma in bakinta bai buɗe ba, ba a taɓa yi mata walda ko gasa ta a wuta an lanƙwasa ba, ta fi sabuwa marar suna nesa ba kusa ba.

Sukudireba, inda aka fi yin ɓarna

Dubi sukurun da ke riƙe da kofin kafireto a tsohon babur. Da wuya ka samu wanda gicciyensa bai zama rami ba. Dalilin ba ƙarfin hannu ba ne kawai. Sukuru mai gicciye iri-iri ne, ido ba ya saurin rabewa. Phillips na Amurka bakinsa a ɗan zagaye yake, in aiki ya yi tauri sai sukudireba ta riƙa hawowa tana ficewa. Na Japan, wanda ake kira JIS, kusurwarsa a tsaye take, kuma sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. In ka sa Phillips a kan JIS ba ta kai ƙasan ramin, a sama-sama take kamu, juyi ɗaya ta gwaguye shi. Ita kuwa sukudirebar JIS tana zama a duka biyun. Kamfanin Vessel na Japan ya shahara da ita. In ba ka samu ba, ga gwaji: ɗora sukurun a bakin sukudirebar ka kwantar da ita, in ya tsaya bai faɗo ba, bai kuma yi rawa ba, ta yi. Akwai ta uku mai alamar PZ, mai ƙananan haƙora tsakanin manyan, wannan ta kafintoci ce, ba ta da aiki a jikin babur.

Lamba 2 da lamba 3 su ne na aiki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa 2 inda 3 ce ta dace, kamar a manyan sukurun murfin inji, don kawai ta shiga. Babbar da za ta iya zama a ramin ita ce daidai. Kafin ka juya, sakace ƙasa da busasshen mai daga gicciyen da tsinin allura, ɗan ƙwanƙwasa gindin sukudirebar, sannan ka danna da ƙarfi fiye da yadda kake juyawa. Ɗigon man gogen bawul a bakin yana ƙara mata kamu. Wanda ya ƙi wannan sai imfak, sukudirebar duka: ka saita ta wajen kwancewa, ka murɗa ta har ta tsaya, ka ba ta guduma ɗaya mai kyau. Dukan yana danna bakin ciki a daidai lokacin da yake juya shi, shi ya sa ba ta zamewa. Amma a murfin inji ake yin haka. A jikin kafireto, garin gyaran gira za a rasa ido, kunnensa ne zai ɓalle.

Jet ɗin kafireto tagulla ne, laushi gare shi. Sukudireba mai faɗi da za ta taɓa shi sai ta cika tsagar daga gefe zuwa gefe, kaurinta ma ya cika ta. Ƙaramin jet da ke can cikin rami yana son siririya wadda bakinta bai yi fuka-fuki ba, in ba haka ba sai ta ci tiredin ramin tana shiga. Ware guda biyu don wannan aikin kaɗai, kada a ɓamɓare komai da su.

Sifanar fulogi ita ma lamba-lamba ce. Injin kwance na roba-roba fuloginsa mai tiredi 10 ne, irin C7HSA, sifanarsa 16. Injin tsaye irin CG 125 tiredi 12 ne, sifana 18. Injin ban ruwa da janareto masu tsarin Honda GX160 tiredi 14, sifana 21. Nemi mai siririn bango, da roba a ciki wadda ke riƙe farin kaskon kada ya tsage. Ta gwangwani da ke zuwa a jakar babur ta hanya ce, ba ta gareji ba. Kuma ko wace iri ce, ba ita ke fara ɗaurin ba. Da yatsu ake fara shigar da fulogi, ko a sa masa guntun tiyon mai a murza, har ya zauna. In ya cije a zagaye na biyu, ya hau tiredi a karkace, fito da shi. Sabo, rabin zagaye ake ƙara masa bayan ya zauna, don washarsa ta matse. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi, washar ta riga ta kwanta. Tiredin kan silinda alminiyam ne, fulogi ƙarfe, in suka yi faɗa an san wanda zai sha kashi.

Ƙarfin ɗauri

Littafin babur yana ba da ƙarfin ɗauri da ma'aunin da ake kira Nm. A ma'aunin Honda na gama-gari, bol mai kaurin 6 wajen 10 Nm yake so, mai 8 wajen 22, mai 10 wajen 34, mai 12 wajen 54. Fulogi mai tiredi 10 tsakanin 10 da 12 ne, notin juye baƙin mai na injin kwance tsakanin 20 da 25. Murfin nan mai lamba 24 da ke ƙasan injin CG, mai sifirin da rariya a bayansa, girmansa yana yaudarar mutane: 15 kawai yake so, alminiyam ne, roba ce ke hana shi yoyo ba matsi ba. Don a gane abin da 10 Nm yake nufi, a kan sifana mai tsawon santimita 15 kamar ka rataya mata lita bakwai na ruwa ne a wutsiya. Zura mata bututu mai rabin mita ka yi wannan jan dai, ka ba bol ɗin fiye da ninki uku. Ba banza aka yi sifana 10 gajera, 19 doguwa ba.

Tok renc, sifanar awon ɗauri mai yin ƙas in ta kai, tana da tsada, kuma mai babur ɗaya zai iya rayuwa babu ita. Wanda yake buɗe inji yana ɗaure kan silinda bai kamata ya rasa ta ba, don gasket da ke hurawa bayan sati biyu galibi ɗaurin da bai daidaita ba ne. Awonta ba abin dogaro ba ne a can ƙasan ma'auninta, don haka wadda ta fara daga 40 ba ta da amfani a kan bol mai kaurin 6. Mai 5 zuwa 25 ita ce ta inji. In ta yi ƙas sau ɗaya a tsaya. Ba a kwance noti da ita, in an gama kuma a mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta kafin a ajiye, sifirin ɗinta ya huta.

Akwai ƙananan kaya uku da ba su kai kuɗin abin da suke ceta ba. Na farko fular magnito, abin zare magnito daga bakin kiranshaf. Dukan magnito da guduma yana tsaga maganaɗisu, ya karkatar da bakin kiranshaf, ya raunata boris, sai inji ya dawo yana kaɗawa ba a san dalili ba. Injin kwance yawanci fula mai tiredi 27 yake ɗauka, kuma tiredin hagu ne, wato ta wajen kwancewa ake shigar da ita. A shigar da ita har ƙarshe, a shafa giris a bakin bol ɗin tsakiya, sannan a matsa. In haƙora uku kawai ta kama, da su za ta fito. Na biyu soket mai haƙora huɗu na notin kuloci da na matatar mai, wanda aka saba kwancewa da cizal, ɓarɓashin ƙarfe yana zuba cikin inji. Na uku fila geji, siraran ganyen ƙarfe na auna tazara. Saitin tafet da kunne caca ne: injin kwance milimita 0.05 yake so, CG 0.08, GX160 kuma 0.15 a bawul ɗin shiga, 0.20 a na fita, duk a inji mai sanyi. Tabbatar gejin yana da ganyen 0.05, an kuma zana lambobin a jikin ƙarfen, don na fenti mai yana goge su. In ganyen ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa ya tashi daga aiki. Bawul da ya yi sako-sako ƙara kawai zai yi, wanda aka matse shi ne ke ƙonewa, babur ya ƙi tashi da safe.

Filaya ba ta noti ba ce. Ta riƙe waya ce da fin, kuma gwajinta a rufe ta a ɗaga wa haske, in haske ya ratso ta wajen yankan ba za ta yanke wayar birki ba, tauna ta za ta yi. Ta cire sakilif, zoben ƙarfen da ke zama a tsaga, iri biyu ce, mai buɗewa da mai matsewa, a dubi tsininta kada ya zama mai lanƙwashewa. Bais girif, filaya mai kullewa, na notin da ya riga ya mutu ne, za a jefar da shi bayan an fitar. Sifana mai daidaitawa, wadda ake murza bakinta, ta ranar da babu yadda za a yi ce: a matse ta tsam a jikin notin, a ja ta yadda nauyin zai hau kan leɓen da ba ya motsi. Alanki 4, 5, 6 da 8 sun isa, mai mulmulallen kai na saurin juyawa ne, ba na karyawa ba. Guduma biyu: ta ƙarfe don cizal da imfak, ta roba don murfin inji da shaf. Duk shaf ɗin ƙafa da ka ga bakinsa ya baje noti ya ƙi hawa, gudumar ƙarfe ce ta gaishe shi.

Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris a cikin racet ta zama kamar yashi, damina kuma tsatsa take kawowa. A wanke kaya da kananzir, a goge da tsumma mai ɗan baƙin mai. Kan racet a buɗe shi lokaci-lokaci a ɗiga masa mai marar kauri, don giris mai yawa yana danne ɗan harshen da ke kama haƙora sai ya riƙa tsallake. Allon katako da ƙusoshi, an zana siffar kowace sifana a inda take rataye, yana nuna wa maigida abin da ya ɓata kafin yara su tashi da yamma. Cizal da fanci kuma, in gindinsu ya baje ya yi lema saboda duka, a kai su dutsen wasa a share leɓen, domin ɓallin da ke tashi daga nan ido yake nufa.